Girbin Yallaɓai Yom

Ni tun farko ban so zuwa ofishin gundumar nan ba. Mijina Dokchil ne ya matsa, wai ya ji a rediyo gwamnati ta ware tallafi domin manoman fure da annoba ta durƙusar, in je ko ma samu na biyan wuta. Shi in ya tsaya gaban teburi harshensa sarƙewa yake yi, ni kuwa bakina bai taɓa mutuwa ba. Na ɗaura takunkumi na hau bas.

Wata yarinya ce a bayan gilashi, idonta kawai nake gani. Ta tambayi lambar gona, na faɗa mata. Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta ɗago.

"Mama, ai wannan gonar an riga an karɓa."

"An karɓa? Wa ya karɓa?"

"Manomin mana. Yom Taegon."

Na ce, "'Yar nan, sake faɗa, kunnena ya tsufa. Wane ne manomin?"

Ta sake faɗa, har da nuna mini da yatsa. Na miƙa mata hannayena ta ƙasan gilashin, na ce ta duba faratan nan da kyau ta gaya mini ko na mai zaman ofis ne. Yarinya ta ji kunya ta sunkuyar da kai. Ta ce ta yarda da ni, amma su sunan da ke rajista suke bi, in ina da takardar haya in kawo. Ban zage ta ba, don ba ita ta kashe zomon ba. Amma na fito ina jin kaina yana tafasa.

Takardar haya! Tun 'yata Miran tana goye muke noma ƙasar Yom, yau ga ta da nata 'ya'yan a Busan, ba mu taɓa ganin takarda ba. Kowa a bakin kogin Nakdong ya san dalili. In mai ƙasa ya nuna wa hukuma shi ke noma da hannunsa, ranar da ya tashi sayarwa haraji ba ya cizonsa. Shi ya sa masu ƙasa ke zaune a birni cikin sanyin na'ura da sunan manoma, mu da ke durƙushe cikin rumfunan leda ba mu da suna ko'ina. Duk kaka mu kai masa kuɗin haya hannu da hannu, mu sunkuya mu yi godiya. Mu muka kafa ƙarafan rumfunan nan uku, mu muka ja ruwa da wuta, mu muka mai da laka ta zama ƙasar da fure ke so. Amma ranar da ya ga dama ya ce mu tashi, ko kare ba zai yi mana haushi ba.

Farin gukwa muke nomawa, furen makoki. Da annobar ta shigo har wani wawa a kasuwa ya ce mini, "Maman Miran, ku kam kakarku ta yanke saƙa." Ashe akasin haka ne. Mutane suna mutuwa, amma an hana taruwa. Gidan makokin da a da za ka ga fure jere tun daga bakin titi, yanzu daga 'ya'yan mamaci sai hotonsa. A kasuwar gwanjo dami ya koma bai kai kuɗin kwalin da aka zuba shi ba. Fure kuwa ba shinkafa ba ne balle ka adana, in ya buɗe ya buɗe.

Daga ofishin ban koma gida ba, na zarce birni wajen Yom. Na same shi a ofishinsa na dillancin gidaje, yana yanke farce. Mutum ne mai tumbi da tattausan hannu, in yana magana sai ka ce waliyyi.

"A'a, Maman Miran! Lale, lale. Yaya Baban Miran? Yaya gonar tamu?"

"Gonar taku tana nan, Yallaɓai. Na je karɓar tallafi aka ce ka riga ni."

Ko gezau bai yi ba. Ya hure ƙurar farcensa ya ce, "Ai dole ce ta sa. In ban karɓa ba sai su fara tambaya me ya sa manomi bai karɓa ba, kin ga an tono abin da zai cuce mu duka. Ke ma ai kin san yadda abin yake."

"To tunda ka karɓa don rufin asiri, miƙo mana shi mana."

Ya yi dariya har da dafa ciki. "Kai, Maman Miran ba dama! Ni da ban ƙara muku haya ba bana? Ki lissafa wannan ma ai tallafi ne. Kowa fa annobar nan ta taɓa shi."

Ya jawo wani kwalin lemon ƙarin kuzari daga ƙarƙashin teburi, irin wanda baƙi ke kawo masa ya rasa yadda zai yi da shi, ya tura mini da ƙafa. Wai in kai wa maigida ya ji ƙarfin aiki. Na ɗauka, don a lokacin ina da sauran abin da nake tsoro. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A tashar bas na bar kwalin.

Da na gaya wa Dokchil, yana zaune a bakin rumfa yana gyaran tiyo. Na ce gobe zan koma ofishin in fasa ƙwai, in ce su zo su ga wanda ke noma da idonsu. Sai ya ajiye tiyon.

"Malsun, ki rufa mana asiri. Kin fasa ƙwai, an ci shi tara, sai me? Washegari ya ce mu kwashe ƙarafanmu. Mu kai su ina? A shekarunmu wa zai ba mu ƙasa?"

"To sai mu zuba ido ya cinye guminmu?"

"Ya ci. Kuɗi ne, za su ƙare. Rumfunan nan su ne mu, in babu su ni ban san abin da zan tashi in yi da safe ba."

Haka yake, mutumin da ko sauro ya cije shi sai ya ba shi uzuri. Na yi ta masifa har na gaji, ya bar ni na gama, ya ci gaba da gyaran tiyonsa. Na yi shiru saboda shi, ba don na haƙura ba.

A makon nan ya sa ƙaramar tarakta ya bi ta kan furen da ya buɗe, rumfa bayan rumfa, ya markaɗe shi cikin ƙasa, don kuɗin masu yanka ma ba zai fito ba. Ina tsaye ina kallonsa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ƙamshin ya cika unguwa kamar ana makokin gari guda. Da ya gama bai huta ba, ya karɓo sabon dashe bashi ya cika rumfunan, wai manomi ba ya barin ƙasa tsirara. 'Yan ƙodago kuwa ba mu da abin biyansu, daga ni sai shi. Da tallafin nan ya zo hannunmu, da ko mutum biyu mun ɗauka. Wata rana da tsakar rana, zafin cikin leda kamar tanda, na kai masa abinci na same shi kwance tsakanin kunya biyu. Likita ya ce zuciya ce. Ni na san sunan ciwon, kuma na san ofishinsa a birni.

Makokin Dokchil, mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙawata makokin mutane, ba mu cika tabarma biyu ba. Ni, Miran da mijinta, sai Yaya Okbun, maƙwabciyarmu da ke haɗa furen biki da na makoki a shagonta na bakin hanya. A rana ta biyu aka shigo da fure mai hawa uku, irin dogon nan da ake tsayarwa a kan ƙafafun gora da ƙyalle biyu suna reto. A ƙyalle ɗaya an rubuta ta'aziyya. A ɗayan, da manyan baƙaƙe, an rubuta: Manomi Yom Taegon.

Shi bai zo ba, wai yana tsoron cuta. Na tashi na matsa kusa, don tun daga nesa na ga farin bai yi mini ba. Na kai hanci, babu ƙamshi. Na murza da yatsa. Roba ce! Furen roba, irin wanda ake kwashewa daga wannan makoki a kai wancan, har da ƙura a cikin ganyen.

Yaya Okbun ta riƙe mini hannu. "Malsun, ba a nan ba. Gawar mijinki na kwance."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ba zan yi komai a nan ba."

Ban yi kuka ba a ranar. Na dai tsaya gaban hoton Dokchil na ce masa a zuci, Baban Miran, haƙurinka ya bi ka, ni ban gada ba.

Dama tun bara Yom yake gina gidan gasasshiyar agwagwa a tsallaken titi, daidai gaban rumfunanmu. Katafaren gini mai gilashi, wai mutanen birni su zo su ci suna kallon kogi. Daga inda nake ban ruwa ina ganin magina. Da aka sassauta dokar taro sai ga ƙyalle an rataya, an sa ranar buɗewa, farkon kaka. Har ya je wajen mai duba ya zaɓo masa ranar sa'a, don Yom mutum ne da ko ƙusa ba ya bugawa sai an duba masa. Na tsaya na karanta ranar nan, na juya na kalli dashen da Dokchil ya bari, ya kai mini gwiwa, kore shar. Nan take na san abin da zan yi.

Shi gukwa ba ya fure sai ya ga rana ta gajarta. Shi ya sa muke jera masa ƙwayayen lantarki, muddin suna ci zai yi ta tsawo yana jira. Ranar da ka kashe, ka ba shi izini ke nan, kuma duk manomi ya san makonnin da zai ɗauka kafin ya buɗe. Kowa yana auna nasa da ranar kasuwa. Ni na auna nawa da ranar Yom, na kashe wutar rumfunan uku gaba ɗaya.

Yaya Okbun ce ta fara lura. Ta shigo ta kalli ƙwayayen, ta kalle ni.

"Ke, lafiyarki? Duka uku a lokaci ɗaya? Wa zai yanke miki? Kuma in kin ƙara haƙuri kaɗan ai bikin kaka na tafe, farashi ya fara motsi."

Na gaya mata. Ta zauna a kan bokiti.

"Malsun, kin san abin da kike faɗa kuwa? Farin fure a ranar buɗe kasuwar mutum? Ai gara ki kwaɗa masa mari a gaban surukansa. Wallahi korarki zai yi."

"Na sani."

"Kin sani, kin sani! Mijinki ya haɗiye baƙin ciki shekara da shekaru don rumfunan nan su tsaya, ke za ki rushe su a wuni ɗaya?"

Wannan maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Ina son rumfunan nan. Na san kowane ƙarfe, na san inda leda ke yoyo, na san kunyar da ke riƙe ruwa. Ban da su ba ni da ko'ina sai ɗakin baƙi a gidan suruki. Na ce mata, "Yaya, in na zauna, duk kaka sai na kai wa mutumin nan haya da hannu biyu, na sunkuya na ce na gode. Dokchil ya iya. Ni in na yi sau ɗaya, a ranar zan bi shi."

Ta ja tsaki, ta ce ni dai tun muna 'yan mata kan dutse gare ni. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta, har ta kai ƙofa sannan ta juyo.

"Ƙafafun gora nawa kike so?"

"Duk abin da ke shagonki."

"Ja'ira. To ƙyallen fa, me za a rubuta?"

"Abin da ya rubuta wa mijina. Kada ki canza ko ɗigo."

Miran ta ji labari ta kira ni tana kuka, wai in bari ta kai ƙara a bi ta hanyar doka. Na ce doka ai ta riga ta faɗi wane ne manomi, ni biyayya zan yi mata.

Furen ya buɗe daidai lokacin da na ce masa. Ban taɓa ganin gukwa irin na bana ba, kowane kai kamar dunƙulen hannu, fari tas, tsawonsa ɗaya kamar an sa igiya. Wani dillali ya leƙo ya gani ya rikice, ya ce in faɗi farashi da bakina. Na ce an riga an saya. Ni da Yaya Okbun da ƙannenta mata biyu muka yi ta yanka muna sokawa a jikin ƙafafun gora, har yatsuna suka fashe. Shagonta ya cika, muka jera a tsakar gida, muka jera a bayan gida. Ba roba ko ɗaya a ciki.

Ranar buɗewa da hantsi muka loda a-kori-kurar Dokchil da ta Yaya Okbun. Na sa baƙaƙen kayan da na sa a makoki. Tsallaka titi ne kawai, na zauna a bayan sitiyari na tayar da mota.

Wurin ya cika. Furannin taya murna jere a bakin ƙofa, ja da ruwan hoda da rawaya. An shimfiɗa teburin roƙon sa'a, ga kan alade yana murmushi da kuɗi cushe a baki, ga wainar shinkafa mai jan wake, ga giyar shinkafa. Dattawan ƙauye sun zo cin banza. Shugaban gunduma ma yana nan a kujerar gaba, wanda ofishinsa ya biya tallafin. Yom cikin sabuwar kwat ya durƙusa gaban kan aladen, goshinsa a ƙasa.

Kafin ya ɗago mun sauke furen makoki na farko, mun tsayar da shi a tsakiyar masu launin nan. Muka sauke na biyu. Mai kiɗa ne ya fara gani, ya tsaya. Sai surutu ya mutu daga baya zuwa gaba. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, wa ya rasu?"

Yom ya miƙe ya juyo. Ta saman takunkumi na ga fuskarsa ta canza, jini ya bar ta.

"Ke! Mene ne wannan? Kin haukace ne?"

Na sunkuya masa har ƙasa, irin sunkuyon kai haya. Na ɗaga murya yadda na kujerar baya zai ji.

"Yallaɓai, barka da arziki. Girbin gonarka ne ya nuna, na ce bari in kawo wa manomi kayansa."

"Kwashe su! Kwashe su yanzu ko in kira 'yan sanda!"

"Kira su mana. In sun zo sai ka gaya musu furen wa na sata, daga gonar wa. Ga sunanka nan a jiki, ko na rubuta ba daidai ba?"

Mutane suka fara karanta ƙyallen. Wani dattijo ya karanta da ƙarfi, "Manomi Yom Taegon," sai wani ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Duk ƙauyen sun san komai, ba wanda ya taɓa faɗa a fili ne kawai. Shugaban gunduma ya gyara zama, ya kalli furen, ya kalli rumfunan a tsallaken titi.

Yom ya kama hannun rigata ya ja ni bayan mota. Yana huci, gumi na bin wuyansa. Muryar waliyyin nan ta dawo.

"Maman Miran, don girman Allah. Na yi kuskure, na yarda. Tallafin zan ba ki, in ninka. Ki zauna a gonar har ƙarshen ranki, ba haya, ko sisi. Ki dai kwashe su ki ce kuskuren aike ne."

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta motsa. Abin da Dokchil ya rayu yana roƙo ke nan, ga shi an ɗora mini a tafin hannu. Ta saman kafaɗar Yom ina hango rumfunan, rana tana walƙiya a kan leda. Na ji kamar in ce to.

Na ce, "Na yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Ka koma gaban mutanen nan ka ce Bang Dokchil ne ya noma gonar nan tun daga ranar farko har ya faɗi a cikinta. Ka kira sunansa. Shi ke nan, ni da kaina zan kwashe, in ba ka haƙuri a gabansu."

Ya zaro ido. "A gaban shugaban gunduma? Kin san abin da za su yi mini? Harajin kawai..."

"Sunansa kawai, Yallaɓai."

"Ki nemi wani abin. Komai."

"Ba ni da wani abin."

Muna cikin haka sai ga shugaban gunduma ya zagayo, hannu a baya. Mutane suka biyo shi.

"Yallaɓai Yom, a gafarce ni. Matar nan, ita ke noma gonar can?"

Na zuba wa Yom ido. Gaba kura, baya sayaki. Ya kalle ni, ya kalli shugaban. Har ga Allah a lokacin ina fata ya faɗi gaskiya, da na yafe rabi.

"A'a," in ji shi. "'Yar ƙodago ce, ita da marigayi mijinta. Nakan ɗauke su aiki. Furen nawa ne, ni na noma. Ba ta gane inda na ce ta kai ba ne, tun rasuwar mijin, kanta bai daidaita ba."

Ɗan ƙodago. Dokchil. Wani abu ya tsinke a ƙirjina, sai kuma na ji sanyi, tsoron ya tafi gaba ɗaya.

Na juya wajen jama'a na ce, "To kun ji da kunnenku, nasa ne. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Yaya, sauke!"

Muka sauke. Muka jera su dama da hagun ƙofa, muka bi bakin titi da su har kwanar gada. Da na cikin motocin suka ƙare muka tsallaka muka sake lodi, muka dawo. Ba wanda ya hana mu. Ta yaya zai hana, bayan ya ce nasa ne a gaban hukuma? Yana tsaye kamar an dasa shi, fari ya kewaye gidansa, sunansa yana reto a kowane ƙyalle. Motocin birni da suka zo cin agwagwa sai su rage gudu, su ga layin farin fure, su wuce. Dattawa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ko wainar ba su taɓa ba, don ba mai cin abincin buɗe kasuwa a tsakiyar furen mutuwa. Shugaban gunduma ya ce yana da wani taro.

Matar Yom ta fito daga kicin da kwanon gishiri, tana watsa mini tana tsinuwa, yadda ake yi wa mai farar ƙafa. Na tsaya cak na bar ta ta gama. Na lashi wanda ya faɗa mini a leɓe na ce, "Uwargida, rage na agwagwa."

Na ɗauko furen ƙarshe da kaina, na kai shi har gaban teburin, na tsayar kusa da kan aladen. Yom ya matso, bakinsa dab da kunnena.

"Kafin ƙarshen wata ki bar mini ƙasata."

Na ce, "Na riga na ɗaure kayana."

Bai ƙara mini ko kwana ɗaya ba. Motar rusau ta zo ta tuge ƙarafan, mai gwangwan ya auna ya loda. Yom ya sa aka zuba tsakuwa a wurin aka daddaɓe, wai filin ajiye motocin masu cin abinci. Ni kuma na koma Busan wajen Miran, hawa na sama can, inda ko tukunyar fure sai an nemi izinin suruki.

Amma labari yana zuwa mini, Yaya Okbun ba ta bari ya kwana. Wani ya ɗauki hoton layin furen ya watsa a waya. Sunan da Yom ya raɗa wa gidan ba wanda ya riƙe, kowa Gidan Makoki yake cewa, har direbobin tasi. In ka ce a kai ka cin agwagwa sai su ce, "Na wajen makokin?" Ya kira mai duba ya yi masa wankan gida, ya sauya allon suna, ya karya farashi, duk a banza. Ofishin gunduma kuma suka aiko masu bincike, don filin da aka ce gona ce sun same shi da tsakuwa. Kafin sanyi ya kama sosai an rufe gidan. Ranar da Yaya Okbun ta gaya mini na ci shinkafa kwano biyu. Mutane suna cewa ramuwa ba ta da daɗi. Ƙarya suke yi, tana da shi, ni na ɗanɗana.

Da bazara ta dawo na ce sai na gani da idona. Na sayi kwalbar giyar shinkafa irin wadda Dokchil ke so, na hau bas ban gaya wa kowa ba. Na sauka a kwanar gada. Ga gidan nan, gilashi ya yi ƙura, an manna takardar sayarwa, ciyawa ta fasa matakala. Na tsaya na ƙare masa kallo son raina, na yi dariya ni kaɗai a bakin titi kamar mahaukaciya.

Sannan na tsallaka in gaya wa Baban Miran, in zuba masa giyarsa a inda ya faɗi. Rumfa ta tsakiya ce, wajen ƙarshe, na san wurin kamar tafin hannuna. Sai na tarar da fili fetal, tsakuwa daga titi har bakin magudana. Babu ƙarfe, babu kunya, babu famfon da zan auna da shi. Na taka nan na ce nan ne, na matsa can na ce a'a, can ne. Na koma bakin titi na sake farawa. Na durƙusa na tona tsakuwar da hannu ko zan ga ƙasarmu, sai wata tsakuwar a ƙasa.

Na yi ta zagaye a filin nan ina kiran sunansa har ƙafafuna suka gaji. Ban gane wurin ba. Na koma tasha da kwalbar a rufe.